Yellowstone: Ƙasar Tafasasshen Ruwa da Halittun da Ke Rayuwa Cikinsa

Duk ɗalibin da ya yi darasin kiwon lafiya a firamare ya san ƙa'idar tafasa ruwa kafin a sha, domin zafi yana kashe ƙwayoyin cuta. Ƙa'ida ce ingantacciya, kuma babu abin da ke cikin wannan maƙala da zai rushe ta. To amma daga wannan ƙa'ida mutane da dama, har da masana, sun ɗauka cewa duk inda ruwa ya kusa tafasa to babu sauran rai a cikinsa. Har zuwa farkon shekarun 1960 ana koyar da cewa bakteriya masu son zafi sun fi walwala a wajen digiri 55 na ma'aunin Salshiyas, kuma da wuya wani abu mai rai ya jure zafin da ya zarce digiri 70 da 'yan kai. Wurin da aka gano cewa wannan zato kuskure ne shi ne gandun daji na Yellowstone a ƙasar Amurka, kuma abin da aka samo a can ya shiga ɗakunan gwaje-gwaje na asibitocin duniya, har da na Nijeriya da Nijar.

Inda wurin yake

Yellowstone yana arewa maso yammacin Amurka, cikin jerin duwatsun Roki. Mafi yawansa yana cikin jihar Wyoming, gefensa kuma ya taɓa jihohin Montana da Idaho. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 8,983, wato kusan ninki huɗu na gandun dajin Yankari da ke Jihar Bauchi. Tudu ne mai bisa ƙwarai, kimanin mita 2,400 daga doron teku, saboda haka da hunturu dusar ƙanƙara kan rufe shi har a rufe yawancin hanyoyinsa ga motoci. Akwai ɓaunar Amurka garke-garke, da kyarkeci, da manyan barewa. Amma abin da ya ɗaukaka sunansa shi ne ruwan zafi. An ƙidaya wurare fiye da 10,000 inda tafasasshen ruwa ko tururi ko zazzafan taɓo ke fitowa daga ƙasa. A cikinsu akwai fiye da 500 masu feso ruwa sama, irin waɗanda ake kira gaiza, sunan da aka aro daga wani marmaro mai suna Geysir a tsibirin Aislan. Kusan rabin gaizar duniya gaba ɗaya tana cikin wannan gandu.

Yana da kyau a bambance tun da wuri cewa ba kowane ruwan ɗumi ne yake da alaƙa da aman wuta ba. Ƙasa da kanta tana ƙara zafi in ana nutsawa cikinta, kimanin digiri 25 zuwa 30 a kowace kilomita guda. Ruwan saman da ya tsiyaya ya yi nisa a ƙasa, sa'an nan ya sami tsaga ya dawo, zai fito da ɗumi ko da babu wani dutse mai aman wuta a kusa. Ruwan Wikki na Yankari, wanda yake zaune a kan digiri 31 rani da damina, ɗuminsa bai wuce na wanka ba. Na Yellowstone kuwa a bisa murhu yake.

Murhun da ke ƙarƙashin ƙasa

Maziyarci da ya shiga Yellowstone yana neman dutse mai tsini da hayaƙi a kansa, irin wanda ake zanawa a littafin labarin ƙasa, zai gaji da dubawa bai gani ba. Dalili kuwa shi ne yana tsaye ne a cikin bakin dutsen. A ƙarƙashin yankin akwai wani ginshiƙin zafi da ke tasowa daga can cikin duniya, yana narkar da duwatsun da ke bisansa. Ɓawon ƙasar Amurka ta Arewa yana zamewa a kan wannan ginshiƙi zuwa kudu maso yamma, kimanin santimita biyu da rabi a shekara, kusan saurin tsirowar farce. Saboda haka ginshiƙin ya bar sawun tsofaffin ramukan aman wuta a jere, waɗanda suka ratsa jihar Idaho har suka wuce iyakarta, mafi tsufansu ya kai shekara miliyan 16.

A Yellowstone kansa an yi gagarumin aman wuta sau uku: shekara miliyan 2.1 da suka wuce, da miliyan 1.3, sai na ƙarshe wajen shekara 640,000. Na farkon ya fitar da toka da duwatsu da suka ninka na dutsen St. Helens, wanda ya fashe a 1980, fiye da sau dubu biyu. A kowane karo, da narkakken dutsen ya fice, sai rufin ƙasar ya rufta cikin kogon da ya bari. Ruftawar ƙarshe ta bar wani makeken kwari mai tsawon kimanin kilomita 70 da faɗin kusan 50, wanda malalar narkakken dutse ta cike yawancinsa daga baya. Malala ta ƙarshe ta auku wajen shekara 70,000 da suka shige.

Har yanzu rumbun narkakken dutsen yana nan, 'yan kilomitoci kaɗan a ƙarƙashin ƙafar maziyarci. Jaridu da gidajen talabijin suna son tsorata jama'a da cewa ya kusa fashewa. Binciken da aka yi ta hanyar auna motsin girgizar ƙasa ya nuna cewa mafi yawan abin da ke cikin rumbun daskararre ne, abin da ya narke bai kai rubu'i ba, kuma masanan da ke sa ido a kan wurin ba su ga alamar babban aman wuta nan kusa ba. Abin da ya tabbata shi ne ƙasar ba ta zauna lafiya. Ana samun ƙananan girgizar ƙasa tsakanin 1,000 da 3,000 a shekara, akasarinsu sai na'ura ce ke jin su. Ta ranar 17 ga Agusta 1959, kusa da tafkin Hebgen a yammacin gandun, ta kashe mutum 28, ta kuma sauya halin maɓuɓɓugai masu yawa cikin dare ɗaya.

Yadda ruwan ke tafasa ya feso

Ruwan sama da narkakkiyar ƙanƙara suna tsiyaya ta tsagogin duwatsu har su isa inda dutse ya yi zafi jau. A can ƙasa nauyin ruwan da ke bisa yana danne wanda ke ƙarƙashi, shi kuwa ruwa in an matse shi ba ya tafasa a digiri 100. Sai ya yi ta ɗaukar zafi yana nan a ruwansa. A wata rijiyar gwaji da aka haƙa a yankin Norris, an auna digiri 237 a zurfin mita 326 kacal. A saman ƙasa kuwa akasin haka ne: saboda bisan wurin, iska ba ta da nauyi sosai, ruwa yana tafasa a wajen digiri 93.

Abin da ruwan zai zama in ya taso ya danganta da hanyar da ya samu. In hanyar a buɗe take, zai hau a hankali, ya huce a sama, ya sake nutsewa, sai a sami tafkin ruwan zafi mai nitso. In kuwa hanyar tana da maƙura, to kumfar tururi za ta taru a ƙarƙashin maƙurar har ta ɗaga ruwan da ke bisa ta zubar da wani kaso daga baki. Da nauyin ya ragu, sai ruwan ƙasa mai tsananin zafi ya rikiɗe ya zama tururi nan take, ya watso duk abin da ke cikin ramin sama. Bayan haka ramin ya sake cika, a koma daga farko. Duwatsun wurin suna da yalwar sinadarin silika, wanda ruwan zafi ke narkarwa ya shafe bangon ramin da shi kamar siminti, shi ya sa ramin ke jure wannan matsi ba tare da ya wargaje ba.

Mafi shahara a cikinsu shi ne Old Faithful, wato "tsoho mai cika alkawari", wanda ke feshi kusan kowane minti 90, ya tura ruwa sama mita 30 zuwa 55 na tsawon minti ɗaya da rabi zuwa biyar. Ma'aikatan gandun sukan rubuta lokacin da ake sa ran feshi na gaba, jama'a su zauna a kan bencina suna jira. Steamboat ya fi shi ƙarfi, don feshinsa kan haura mita 90, amma ba shi da alkawari: yakan yi shekaru shiru, sa'an nan a 2019 ya yi feshi sau 48.

Inda ruwa ya yi ƙaranci kuwa, sai tururi kawai ya riƙa fita da huci. A wasu wuraren iskar da ke fitowa tana ɗauke da farar wuta, mai warin baragurbi. Ƙananan halittu suna juya wannan iska ta zama asid, asid ɗin ya cinye dutse ya mai da shi yumɓu, sai a ga taɓo yana ɓararraka kamar talge a tukunya.

Ziyarar irin wannan wuri tana da doka mai tsanani. An shimfiɗa hanyoyin katako a bisa filayen, kuma haramun ne a sauka daga kansu, domin abin da ido ke gani kamar busasshiyar ƙasa sau da yawa ɓawo ne siriri a kan tafasasshen ruwa. Fiye da mutum 20 sun rasa rayukansu ta hanyar ƙonewa a waɗannan tafkuna. Ko kan katakon ma ba a rasa abin mamaki: ranar 23 ga Yuli 2024 wani tafki a yankin Biscuit Basin ya fashe, ya watsa duwatsu da baƙin taɓo, ya farfasa hanyar katakon, Allah ya kiyaye babu wanda ya ji rauni.

Mutanen da suka riga Turawa

An daɗe ana ba da labarin Yellowstone kamar wani daji ne da ba a taɓa takawa ba sai da Turawa suka zo. Masu haƙar kayan tarihi sun nuna cewa mutane sun yi fiye da shekara 11,000 suna farauta da zama a yankin. Akwai wani tsauni na baƙin dutse mai ƙyalli kamar gilashi, wanda aman wuta ya samar, da 'yan asalin ƙasar ke fasawa su yi wuƙaƙe da kawunan kibau. An tsinci wannan dutse a tsofaffin kaburbura a jihar Ohio, tazarar fiye da kilomita 2,000, shaidar cewa fatauci ya kai shi can. Wani reshe na ƙabilar Shoshone, da ake kira Tukudika, a cikin duwatsun yake zaune. Maganar da aka riƙa yaɗawa cewa 'yan asalin ƙasar suna tsoron maɓuɓɓugan, ba sa kusantarsu, ba ta da tushe. Ta dai yi wa hukumomin farko amfani wajen kwantar da hankalin masu yawon buɗe ido, musamman bayan 1877, lokacin da mutanen ƙabilar Nez Perce suka ratsa gandun sojojin Amurka na biye da su.

Baturen farko da aka sani ya ratsa yankin shi ne wani maharbi mai suna John Colter, a hunturun 1807 zuwa 1808. Shi da maharban da suka biyo bayansa sun ba da labarin ƙasa mai hayaƙi da tafasasshen taɓo, aka ɗauke su maƙaryata har na tsawon shekara sittin. Sai a 1870 ayarin Henry Washburn ya je ya gani, shi ne ma ya raɗa wa Old Faithful suna. A 1871 gwamnati ta tura masanin duwatsu Ferdinand Hayden, ya tafi da mai ɗaukar hoto William Henry Jackson da mai zane Thomas Moran. Hotunansu ne suka gamsar da 'yan majalisa. Ranar 1 ga Maris 1872 Shugaba Ulysses Grant ya sa hannu a dokar da ta keɓe wurin, ta hana sayar da shi ko kafa gari a ciki, ya zama gandun daji na ƙasa na farko a duniya. Ba kishin halitta kaɗai ya kawo haka ba, don kamfanin jirgin ƙasa na Northern Pacific ya mara wa dokar baya bisa hangen kuɗin fasinjoji. Su kuwa mazauna wurin na asali, aka tura su matsugunan da gwamnati ta keɓe musu a wajen gandun.

Maziyartan farko sun yi ɓarna ba kaɗan ba. Sun riƙa sassaƙar bakin maɓuɓɓugai su tafi da guntaye gida, suna zuba sabulu a ramin gaiza don su tilasta masa feshi, wasu har wanki suke yi a ciki. Abin ya kai ga an miƙa wa soja tsaron wurin daga 1886 zuwa 1918. Wani tafki mai suna Morning Glory, wanda dā shuɗi ne tas, kwabbai da tarkacen da aka yi ta jefa masa sun toshe maƙogwaronsa, ruwansa ya huce, launinsa ya juye zuwa kore da rawaya. Dalilin da hucewar ruwa ke sauya launi shi ne ainihin abin da ya shafi ɗalibin ilmin halittu.

Masu launin

Tafkin Grand Prismatic, mai faɗin kimanin mita 110, tsakiyarsa shuɗi ne, sa'an nan zobe kore, sai rawaya, sai ruwan lemo, sai ja-ja a can gefe. Shuɗin tsakiya launin tsabtataccen ruwa ne mai zurfi wanda zafinsa ya hana masu launi zama. Sauran launukan duk na halittu ne. Biliyoyin bakteriya ne suka manne da juna suka yi shimfiɗa kamar tabarma, kowane iri ya kama zoben da zafinsa ya dace da shi. Wanda ya iya karanta launukan zai iya kintatar zafin ruwan ba tare da ma'auni ba. A wajen digiri 73 ake fara ganin wani iri mai suna Synechococcus, wanda ke haɗa abincinsa da hasken rana kamar tsiro, kuma daga wannan mataki zuwa sama babu sauran mai iya yin haka. Ruwan lemon da ke gefe kuwa daga sinadaran karotin yake, dangin waɗanda ke ba karas da manja launinsu. Bakteriyan suna yin su ne don kare kansu daga zafin hasken rana, shi ya sa da bazara tabarmar kan yi ja, da hunturu ta koma kore.

Wani malamin Jami'ar Indiana mai suna Thomas Brock ya tsaya a Yellowstone a 1964, ya ga waɗannan tabarmi, ya dawo da niyyar bincike. Ya lura da wasu zaruruwa masu ruwan hoda suna kaɗawa a magudanar wani marmaro inda zafi ya haura digiri 80. Dabarar da ya bi mai sauƙi ce, kowace makarantar sakandare mai madubin hangen ƙananan halittu za ta gane ta: ya nutsa 'yan fallayen gilashi a cikin ruwan, ya bar su kwanaki, ya ciro ya duba, ya ga bakteriya sun manne suna hayayyafa. A watan Satumba 1966 shi da ɗalibinsa Hudson Freeze, wanda a lokacin ko digirin farko bai gama ba, suka ɗebo samfur daga marmaron Mushroom. Daga ciki suka raini wata bakteriya da ta fi jin daɗi a digiri 70. Suka buga sakamakon a 1969, suka sa mata suna Thermus aquaticus, suka kuma ajiye irinta a wata taskar ƙananan halittu inda kowane mai bincike zai iya nema.

Me ya hana ta dahuwa? Farin ƙwai furotin ne, kuma da ya ji zafin da ya haura digiri 60 sai ya sandare, domin kowane furotin zare ne da aka naɗe bisa wani tsari, zafi kuwa yana warware naɗin. Furotin na halittu masu son zafi daga tubala iri ɗaya aka gina shi da na ɗan Adam, sai dai naɗinsa ya fi tsauri, mahaɗan da ke riƙe sassansa sun fi yawa. Kitsen da ke cikin fatar ƙwayar kuma irin wanda ba ya saurin narkewa ne. A 1972 Brock ya bayyana wata halittar, Sulfolobus, mai rayuwa cikin ruwan da ya haɗa zafi da asid. Daga baya aikin Carl Woese, wanda ya fara fitowa a 1977, ya nuna cewa irinta ba bakteriya ba ce sam, wani babban reshe ne na masu rai mai zaman kansa, da ake kira Akiya. Iyakar da aka sani ta ci gaba da matsawa: a 2008 masu bincike a Japan sun ga wata halitta daga maɓuɓɓugar ƙarƙashin teku tana hayayyafa a digiri 122.

Daga marmaro zuwa asibiti

Brock bai fita neman magani ba, tambayarsa kawai ita ce ina rai ya tsaya. A 1976 Alice Chien da abokan aikinta a Jami'ar Cincinnati suka ware wani inzayim daga Thermus aquaticus, wanda aikinsa shi ne kwafar DNA, sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado. Aka taƙaita sunansa zuwa Taq. Shi ma ya zauna shekaru ba wanda ya san abin da za a yi da shi.

A 1983 Kary Mullis, ma'aikacin kamfanin Cetus a jihar Kalifoniya, ya ƙirƙiro hanyar ninka ɗan guntun DNA, wadda ake kira PCR. DNA kamar igiya ce mai tufka biyu. Ana zafafa ta zuwa wajen digiri 95 tufkar ta rabu. A sassauta zafin, wasu gajerun guntaye da aka tanada su manne a daidai wurin da ake son kwafa. Sa'an nan inzayim ya bi kowane zare ya gina masa abokin tufka. Ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama huɗu, kuma in aka yi zagaye 30 lissafi ya haura biliyan ɗaya. Gwajin farko da aka buga da wannan hanya, a 1985, na gano ciwon sikila ne, ciwon da iyalai da yawa a ƙasar Hausa suka sani. Matsalar ita ce inzayim ɗin da ake amfani da shi daga bakteriyar hanji aka samo shi, kuma zafin digiri 95 yana lalata shi. Dole ma'aikaci ya tsaya yana buɗe kwalba yana ƙara sabo a kowane zagaye. Da aka musanya shi da Taq, wanda ya gaji jure zafi daga marmaron Yellowstone, sai ya zama ana zubawa sau ɗaya a rufe, na'ura ta yi ta ɗaga zafi tana saukewa da kanta. An buga wannan a 1988, Mullis kuma ya sami kyautar Nobel a 1993.

Da wannan hanya ake tabbatar da zazzaɓin Lassa, ake gano tarin fuka mai bijire wa magani, ake gwada jariran da aka haifa ga uwaye masu cutar ƙanjamau. Da ita aka yi gwajin cutar korona a 2020. Masu binciken laifuka da masu inganta irin shuka duk da ita suke aiki.

Akwai kuma batun kuɗi. A 1991 kamfanin Hoffmann-La Roche ya sayi haƙƙin mallakar PCR a kan dala miliyan 300, gandun dajin da aka samo bakteriyar kuwa ko kwabo bai samu ba. Wannan ya sa a 1997 hukumar Yellowstone ta ƙulla yarjejeniya da wani kamfani mai suna Diversa, ya ɗebi samfur bisa sharaɗin zai ba gandun wani kaso na abin da ya samu. Wasu ƙungiyoyi suka kai ƙara kotu, suna cewa dokar 1872 ba ta keɓe wurin don kasuwanci ba, amma a 2000 kotun ta amince da yarjejeniyar. Ɗibar ko da cokali guda na tabarmar bakteriya daga marmaron Mushroom, ko wani marmaro a cikin gandun, sai da rubutaccen izinin hukuma.